Badagry: Inda Hanyar Fatake Ta Tuƙe A Bakin Teku

Suna ne ya kai ni Legas. An yi wa ɗan kawuna haihuwa, wanda ke sana'ar raguna a Alaba Rago, aka wakilta ni daga gida in kai gaisuwa da 'yan kayan barka. Da aka watse daga suna, sai ga shi ina da sauran kwana biyu kafin motar da zan bi ta tashi. Shi ne ya ce mini, "Yaya, kai da ba ka gajiya da labarin mutanen da, shirya gobe in kai ka Badagry. Daga nan ba nisa."

Muna idar da sallar asuba muka tsaya bakin titi muka shiga danfo. Hanyar ita ce wadda ta miƙe yamma har Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, daga can sai Kwatano. Muka wuce Okokomaiko, muka sha gosulo a Agbara, sannan gidaje suka fara raguwa, itatuwan kwakwa suka fara yawa. Shingayen jami'ai kuwa ba a magana, kowane ɗan taƙi sai direba ya rage gudu, saboda hanya ce ta bakin iyaka. Iskar ma ta sauya, ta yi nauyi, tana ɗauke da danshi da ƙarnin kifi. A shataletalen shiga gari akwai gunkin mai kiɗa da doguwar gangar nan tasu da ake kira Sato, wadda ta fi mutum tsayi. Nan muka sauka.

Ba mu karya ba muka fito, don haka muka nemi mai shayi. Ba mu sha wahala ba, duk inda ka je a ƙasar nan akwai namu da tebur da tukunya. Dattijo ne, tun kafin ya buɗe baki na gane Bagobiri ne, zanen fuskarsa ya faɗa. Muka gaisa, ya tambayi gida da damina, ya ce ya haura shekara ashirin a garin. Na ce, "Baba, to ai kai ne za ka ba mu labarin gidajen tarihin nan." Ya yi murmushi yana juya shayi tsakanin kofi biyu, ya ce, "Wallahi ɗana ban taɓa leƙawa ba. Ina dai ganin 'yan makaranta da baƙaƙen Amurka suna zuwa. Ai wannan tarihinsu ne, su da Turawa." Na gyaɗa kai, domin a lokacin ni ma haka na ɗauka. Na zo ne kallon tarihin wasu.

Sai ka tsaya a titin Marina za ka gane dalilin da ya sa gari ya kafu a nan. Badagry ba a kan teku take kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa kwantacce a gabanta, bayansa kuma siririn tudun rairayi, sannan teku. Wannan ruwan na ciki ya bi gaɓa, gabas ya kai Legas, yamma ya kai Porto-Novo. Kwalekwale na iya yin wannan tafiya duka ba tare da ya haɗu da igiyar teku ba. Ke nan garin yana da hanyar ruwa ta ciki, yana da kariya daga gaba, kuma ta bayansa hanyar ƙasa ta haura arewa zuwa daular Oyo.

Masu garin su ne Ogu, waɗanda aka fi sani da Egun, harshensu dangin na mutanen kudancin Benin ne, ko da yake kusan kowa na jin Yarbanci. Sarkinsu Akran ake ce masa. A bakinsu garin tsoho ne ƙwarai, suna danganta sunan da gonar wani mutum mai suna Agbede. Amma bunƙasarsa a matsayin tashar ciniki ta zo ne bayan daular Dahomi ta ci masarautar Allada a 1724, ta ci ta Wida a 1727, duk a kudancin Benin ta yau. Mutanen da yaƙin ya tarwatsa suka kwararo gabas, suka zauna a nan unguwa-unguwa, kowace da shugabanta. A cikin waɗanda suka gudo har da wani ɗan kasuwa Baturen Holan, Hendrik Hertogh, wanda mutanen gari ke kira Huntokonu. Shi ya jawo jiragen Turawa zuwa wannan gaɓa a shekarun 1730. Hajar da jiragen ke nema kuwa mutane ce.

Gidan farko da muka shiga na iyalin Mobee ne, zuriyar wani basarake da ya yi wannan ciniki. Ɗaki ne ƙarami, ba wani ƙawa. Saurayin da ke yi mana bayani ya ɗauko wata sarƙa ya ce in riƙe. Na tara hannu biyu, sai da kafaɗuna suka amsa. Baƙin ƙarfe ne da ya sha tsatsa, kowace gaɓa ta kai kaurin babban yatsa, a jiki akwai zoben da ake rufewa a wuya. Ya nuna mana wani ƙarami, ya ce na yara ne. Sannan ya ɗauko na ƙafa, zobba biyu da sandar ƙarfe a tsakani, ya fara neman yadda zai fassara mana da Turanci. Ban bari ya ƙarasa ba, bakina ya riga ni. Na ce mari. Ɗan kawuna ya dube ni, shi ma ya ce mari ne.

Wannan kalmar ce ta fara sauya mini tunani. Ba a makaranta na koye ta ba, a gida na tashi da ita. Muna da mari, muna da ƙuƙumi, muna da rinji, muna da murgu da fansa, muna da bacucane. Harshe ba ya tara wa abu sunaye haka sai ya zauna da shi shekara da shekaru. Na ajiye ƙarfen a hankali, hannuna duk jan tsatsa.

Daga nan muka taka zuwa gidan Seriki Williams Abass, shi ma yana kallon ruwa. Tun daga ƙofa sunan ya tsayar da ni: Seriki, wato kalmarmu ta sarki ce Yarbawa suka ara. Mutumin Bayarabe ne daga yankin Yewa, an kama shi yana yaro aka sayar, ya ɗauki sunayen iyayen gijinsa biyu, Abass da Williams. Daga baya ya samu 'yanci, ya yi dukiya, kuma abin da ya fi damuna shi ne cewa cinikin da aka yi da shi, shi ya koma yana yi da wasu. Musulmi ne, ya riƙe sarautar shugaban Musulmin garin, Turawan mulki ma sun ba shi iko a yankin. Ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan.

Masu gidan sun ce ɗakunan tsare bayi arba'in ne, an gina su a shekarun 1840 don 'yan kasuwar Barazil. Yawancinsu yanzu jikoki da tattaɓa-kunne ne ke zaune a ciki. Ga shanya a igiya, ga wata mata tana gyaran kifi a tsakar gida, yara na guje-guje. Biyu kawai aka bari yadda suke. Na shiga ɗaya, mai bayanin ya janyo ƙofa. Ɗakin bai fi shagon mai teburi ba, tagarsa wata 'yar kafa ce can sama kusa da rufi. Ya ce mutum arba'in ake zubawa a nan, su jira jirgi, wani lokaci har watanni. Mu huɗu ne a ciki, kafin minti biyu gumi ya jiƙa mini riga. A waje ya nuna mana wata tsohuwar laima, da tangaran, da kwalaben giya, yana faɗin yawan mutanen da aka bayar a kan kowanne. Laimar, in ji shi, mutum arba'in ce. Ko lissafin ya cika daidai ko bakin masu ba da labari ya ƙara masa gishiri, an dai ba da ɗan Adam an karɓi abin tare rana.

Ina tsaye a tsakar gidan nan abubuwan da na taɓa karantawa jefi-jefi suka fara haɗuwa a kaina. Su wa aka tsare a irin waɗannan ɗakuna, a nan da Legas da Porto-Novo da Wida? Da yawansu Yarbawa ne da yaƙe-yaƙen rushewar Oyo suka ci. Amma ba su kaɗai ba. Tun kafin jihadi, Oyo na sayen bayi daga arewa, Hausawa da Nufawa da Barebari, ta riƙe wasu suna kiwon dawaki da saƙa da aski, ta tura wasu bakin teku. Yawansu ya kai har da Afonja, sarkin yaƙin Oyo, ya yi wa Alafin, sarkin daular, tawaye a Ilori a 1817, bayin nan Musulmi ya yi wa kira, suka gudo suka cika masa runduna. Da yaƙin jihadi ya tashi a 1804, kamammu suka ƙaru ta kowane ɓangare, na masu jihadi da na sarakunan Haɓe, kuma wasunsu hanyar kudu aka bi da su. Ingila ta haramta wa mutanenta wannan ciniki a 1807, amma jiragen Fotugal da Barazil ba su daina zuwa ba sai wajen 1850.

Sawunsu kuma bai ɓace ba a can ƙetare. A Bahiya ta ƙasar Barazil, an tona wani shirin tawaye na bayi Hausawa a 1807. Aka sake yin wani a 1809, aka yi wani babba a 1814, duk da hannun Hausawa. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka fito titunan birnin Salvador da fararen riguna. Yawancinsu Yarbawa ne, akwai Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe aka samu layu da takardu masu rubutun Larabci. Bayan shekaru, wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana yi musu tambayoyi, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Suka lissafa masa garuruwansu, Kano da Katsina da Zariya, da zangunan da aka bi da su har bakin ruwa. Mutum ya yi shekaru yana dakon kaya a wata duniya, amma a tambaye shi hanyar gida, ya jero ta zango-zango.

Mu a gida idan ana maganar bauta, hankalinmu Sahara yake tafiya, ko kuma mu ce abin Turawa da mutanen kurmi ne. Ba ma son tuna cewa a wannan ciniki namu sun shiga ta ƙofa biyu: an sayar da mu, mu ma mun sayar. Madugun da ya gangaro da kanwa da fatu da dawaki, ba kullum ne kayansa suka tsaya a nan ba. Na ga ya fi mana mutunci mu faɗa da bakinmu.

Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar a juye, daga teku zuwa gidanmu. Hugh Clapperton, wani matafiyi Baturen Birtaniya, wanda ya fara zuwa Kano da Sakkwato ta hamada a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da zai dawo karo na biyu ta Badagry ya shigo. A watan Disambar 1825 ya tashi daga nan, ya bi ta tsohuwar Oyo, wadda ya rubuta da sunan da Hausawa ke kiranta, Katunga, ya ƙetare Kwara a yankin Busa, ya isa Kano, ya wuce Sakkwato. Can ajali ya same shi a watan Afrilun 1827. Yaronsa Richard Lander ya komo da takardunsa ta wannan hanya, ya iso Badagry, inda 'yan kasuwar bayi na Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka tilasta masa shan gubar rantsuwa, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Littattafan makaranta sun ba mu sunayen Turawan nan biyu, suka bar na uku. Tafintansu wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa na ce masa Pasko. An kama shi aka sayar hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda shi a jirgi, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa. Shi ya taka tare da Clapperton daga wannan gaɓa har ƙasar Hausa, ya komo tare da Lander. Da Lander ya sake zuwa da ƙanensa John a 1830 don bin Kwara har inda ta faɗa teku, Abubakar na cikin ayarin. Da na tuna shi, fuskar mai shayin nan ce ta faɗo mini, da zanenta.

Zuwan 'yan uwan biyu ya dace da ƙarshen azumi, a watan Maris na 1830. Sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a Badagry, kuma sun je sun kalli Musulmin garin sun ci ado sun fita fili bayan gari sallar idi. Ke nan shekaru goma sha biyu kafin mai wa'azin Kirista na farko ya sauka a garin, ana kabbarar idi a nan, da malamanmu a sahun gaba, ga kuma ɗakunan tsare mutane a 'yan taku kaɗan. Yaya malamin nan yake ji idan ya wuce ya jiyo ana kuka da Hausa ta 'yar tagar nan? Na daɗe ina juya wannan tambaya.

Gidan benen mishan ba mu daɗe a ciki ba. Mai wa'azin nan na farko, Thomas Birch Freeman, ya iso garin a watan Satumbar 1842, a Kirsimetin shekarar aka yi wa'azi a gindin bishiyar Agia, wadda ta faɗi a 1959, yanzu ginshiƙi ne a gurbinta. Benen an gama shi a 1845, fari ne mai matakalar katako, a jikinsa an rubuta cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Duk wanda ya san soraye da benayen ƙasa na Kano, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, zai ce a dai gyara rubutun ya zama bene na farko irin ginin Turawa. A sama akwai ɗakin Samuel Ajayi Crowther da tsohon Baibul na Yarbanci a cikin gilashi. Shi ma ɗan wannan labari ne: an kama shi yana yaro a garinsu Osogun a 1821, kuma a cikin maharan akwai Musulmin Oyo da Fulani, kamar yadda ya faɗa da kansa. An ceto shi daga jirgin bayi aka kai shi Saliyo, ya zama bishop a 1864. Shekara guda kafin nan, a 1863, Badagry ta shiga ƙarƙashin mulkin Ingila na Legas, ciniki ya koma can, garin ya yi sanyi. Har yau da sauran wannan sanyin a titunansa.

Rana ta karkata muka gangara bakin ruwa, aka ba mu rigunan ruwa, muka shiga kwalekwale mai inji. 'Yan mintuna muka ƙetare zuwa Gberefu, tudun rairayin da ke tsakanin gari da teku. Daga nan sai ƙafa. Hanya ce miƙaƙƙiya, rairayi mai zurfi da ke cinye takalmi, hagu da dama ciyawa da kwakwa. Na cire takalmina na riƙe, zafin ƙasa ya sa na mayar. Ɗan kawuna, wanda tun safe bakinsa bai huta ba da labarin farashin raguna, ya yi tsit.

A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Aka ce nan ake tsayar da bayi a tilasta musu sha, kuma an yi wa ruwan asiri don duk wanda ya sha ya manta gida. Na leƙa, ruwan ya yi kore, ganye na yawo a kai, ba mai sha yanzu. Na tuna mutanen can na Bahiya da suka jero wa Bafaranshe sunayen garuruwansu. In ma an ba su irin wannan ruwa, bai ci su ba.

Tun kafin mu ga teku muke jin rurinta. Muka haura ɗan tudu, sai ga ta, ba iyaka, igiya na tasowa kamar katanga tana dukan gaɓa. Wurin ne ake ce wa inda ba a dawowa. Jiragen ba sa iya matsowa, can nesa suke tsayawa, sai a zuba mutane a kwalekwale da sarƙoƙinsu a ratsa wannan igiya da su. Na yi tunanin yaron da aka kama a gonar gero a ƙasar Zazzau ko Katsina, wanda babban ruwan da ya sani shi ne gulbin garinsu da damina. Ya yi wata da watanni a hanya, an sayar da shi sau uku ko huɗu, harshe na sauyawa a kunnensa a kowace kasuwa, ƙarshe a tsayar da shi gaban wannan abu.

La'asar ta yi muna wurin. Muka yi alwala da ruwan leda, ɗan kawuna ya shimfiɗa rawaninsa a kan rairayi, ya ce, "Yaya, bismilla." Da muka fuskanci alƙibla, teku ta koma damanmu, arewa tana hagu. Bayan sallama na yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a, namu da waɗanda ba namu ba. Waɗanda suka kawo su kuwa, na rasa abin da zan roƙa a kansu, na shafa na tashi.

Magariba ta kusa muka koma shataletale neman mota. Mai shayin ya fito da teburin yamma, ya hango mu ya ɗaga hannu. "Ɗana, an gano tarihin?" Na zauna a bencinsa na ba shi labarin mari, da laimar mutum arba'in, da sallar idin 1830, sannan na ba shi labarin Abubakar Bagobiri, wanda aka fitar ta teku a ɗaure, ya dawo ta wannan gari da ƙafarsa har ya sake ganin ƙasar Hausa. Ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya sa na maimaita masa sunan. Ruwan shayi na tafasa yana zuba a kan gawayi bai kula ba, sai da yaronsa ya zo ya sauke.

Danfo ta tsaya, kwandasta na kiran Mile 2. Mun miƙe ke nan ya riƙo hannun ɗan kawuna, ya tambaye shi nawa ake biya a shiga gidan Serikin, kuma ko suna buɗewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don ranar ce ba ya fitar da tebur da rana.